Layi: Kalmar da Ta Girma Tare da Mu

Wata ranar Asabar bayan la'asar muna zaune a tsakar gida a Gaya, sai ga ɗan ƙanena ya shigo ransa a jagule. Ya durƙusa ya gaida Inna, da yake mu 'ya'yanta da jikokinta duk haka muke kiranta, sannan ya juyo wajena ya ce, "Baba, an fa rufe mini layi." Inna tana tsintar wake a faifai. Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Bikin wa ake yi ba a gaya mini ba?"

A sanin Inna, wadda ta ba tamanin baya, ba a rufe layi sai da dalili. An kafa rumfa ke nan an jera kujeru, ko ɗaurin aure ko zaman makoki, masu babur su zagaya ta baya. Shi kuwa yaron ɗan katin cikin wayarsa yake nufi, wanda aka toshe saboda bai haɗa shi da lambar shaidar ɗan ƙasa ba. Dukansu biyu Hausa suka yi tsantsarta, kuma da za ka ce wa ɗayansu Turanci ya furta, da ya bi ka da kallon mamaki.

Tun daga ranar kalmar nan ta tsaya mini a rai. Na yi shekaru ina koyar da Hausa, ina rubuta ta a allo cikin jerin kalmomin aro, tsakanin mota da tebur da bokiti, in wuce abina. Ban taɓa zama na ƙidaya layukan da na tsaya a cikinsu ba, da wanda na gina gida a kansa, da wanda nake yawo da shi a aljihu. Da na soma ƙidaya sai na tarar rabin tarihin rayuwata ne, da na garinmu.

A Turanci haruffanta huɗu ne, line, gaɓa ɗaya tak, ana furta ta kamar "lain". Mutanen Ingila ma gadonta suka yi. Tushenta yana cikin Latin, harshen Rumawan dā. Suna da wani tsiro da suke kira linum, wanda ake jiƙa karansa a ɓare a fitar da zare, kusan yadda muke yi wa rama. Zaren da aka murza daga jikinsa shi ne linea. Magini ya ɗaure shi a turaku biyu ya ja shi ya miƙe don kada bango ya karkace, masunci ya ɗaura masa ƙugiya, mai awon fili ya auna da shi. Sannu a hankali sunan ya tashi daga kan zaren ya koma kan miƙewar da zaren yake nunawa, daga nan ya bazu kan duk abin da aka jera a miƙe. Ta ƙofa biyu ta shiga Turanci. Tun a tsohon Turanci akwai ta da ma'anar igiya, sannan ta sake shigowa da rigar Faransanci bayan Normawa sun ci Ingila da yaƙi a 1066. A can ta hayayyafa: igiyar shanya, zaren kamun kifi, jerin rubutu a takarda, salsalar zuri'a, hanyar jirgin ƙasa, kamfanin jiragen ruwa ko na sama, sana'ar da mutum ya ƙware a kai, har zuwa hawa intanet a yau, duk da ita ake faɗa.

Abin da ya fi burge ni shi ne yadda kunnen Bahaushe ya karɓe ta. Kalmominmu galibi da wasali suke ƙarewa, kuma idan muka ji "n" a ƙarshen suna mun san aikinta: ita ce ta "gidan sarki" da "rafin gari", ita ce kuma ta "yaron ya zo". Da kakanninmu suka ji Bature ya ce "lain", sai kunnensu ya ji "layin". Suka ɗauka wannan "n" tasu ce, suka cire ta suka ajiye don ranar buƙata, abin da ya rage ya zama layi. Ta wannan hanya kanti ya samu. Ita ma tasha a hanya ta zubar da "n" ɗinta ta ƙarshe. Da layi ya zauna sai aka yi masa jam'i irin na 'yan gida, layuka, kamar rafuka da ƙauyuka. Ba wata hukumar harshe da ta zauna ta tsara wannan. Sojoji da leburori da fatake ne suka yi shi da bakinsu, kuma sun yi shi daidai da ƙa'idar harshen fiye da yadda ɗan boko zai iya da alƙalami.

Ta kuma tarar da takwara a gida. Tun kafin zuwan Bature, Hausa tana da layi mai nufin tangaɗi: wanda zazzaɓi ya kwantar ya tashi yana layi, wanda ya wuni da yunwa a gona ya dawo yana layi. Ɗaya karkata ne, ɗaya miƙewa, ga su a baki guda, kuma ban taɓa jin wanda ya rikita su ba.

A ganina bariki ce ƙofarta ta farko. Rundunar da Ingila ta kafa a Afirka ta Yamma a 1897, wadda Lugga ya jagoranta, cike take da Hausawa, kuma da Hausa ake tafiyar da yawancin harkar bariki. Su ne suka shiga Kano a watan Fabrairun 1903. A fagen fareti ana jera su, a bariki kuma ɗakunansu a jere suke, Turawa suna kiran jerin ɗakunan da wannan kalma. Akwai wata shaida da ke ƙarfafa mini wannan ra'ayi. Mutanen Ingila, idan jama'a suka jeru suna jiran a sallame su, wata kalma daban suke amfani da ita, wadda suka aro daga Faransanci, asalin ma'anarta wutsiya. Mu ba mu ɗauki wannan ba. Wadda ake daka wa kurtu da ɗan makaranta tsawa da ita muka ɗauka, muka shimfiɗa ta a kan kowane irin jira.

Sai dogo. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka ƙarasa reshen Nguru a 1930, wanda ya bi ta Zakirai da Ringim, arewa da mu. Kakana na wajen uwa, mutumin ƙasar Ajingi ne, ya sha ba mu labarin yadda suke ɗora wa jakai gyaɗa da kaka su nufi bakin layin dogo. A can, in ji shi, ya fara ganin buhuna a jere gaban sikeli, kowa na tsaye kusa da nasa, ba a tambayar ɗan wane ne kai sai an zo kan buhunka. Har ya rasu, in ya ce "layi" kawai ba tare da ƙari ba, hanyar jirgi yake nufi.

Sai dai duk yaɗuwar da ta yi, akwai wuraren da kalmar ta iso ta tarar da masu gida a zaune, ta ja da baya. A masallaci liman bai taɓa cewa a daidaita layi ba, sahu ake daidaitawa, a cike gurbi. A gona kunya ake ja. Almajiri a tsangaya shaɗara yake bi a allonsa. Mai neman asalinsa tsatso yake bi, ko salsala. Ko da aka yanke Jigawa daga Kano a watan Agustan 1991, Gaya da Ajingi suka wayi gari a gefen jiha, babu wanda ya ce an ja mana layi da mutanen Ringim da Dutse. Iyaka aka ce, kuma iyakar ba ta hana auratayya da cin kasuwar juna ba. Idan ka duba da kyau, duk abin da muke da shi tun dā ya riƙe sunansa. Layi ya samu wuri ne a inda hukuma ta zamani ta sadu da talaka: bariki, tasha, makaranta, asibiti, banki, rumfar zaɓe.

Na daɗe ina tunanin bambancin sahu da layi. A sahu kafaɗa ce take taɓa kafaɗa, kowa ya fuskanci alƙibla, ba wanda yake jiran wani ya gama, tare ake farawa tare ake sallamewa. A layi ƙeyar ɗan'uwanka kake kallo, abin da kuke nema ɗaya ne, kuma sai ya samu za ka samu, in ma bai ƙare ba. Kafin layi, muna da namu tsarin na wa zai fara. A bakin rijiya, a gaban akushi, a zauren mai gari, girma ne yake gaba: dattijo kafin saurayi, malami kafin almajiri, baƙo kafin ɗan gida. Layi ya zo da wata ƙa'ida da ba ta san furfura ba, ba ta san rawani ba. Wanda ya riga zuwa shi ne gaba. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne a garin da yaro ba ya wuce babba da takalmi a ƙafa. Na yi imani akwai alheri a cikinsa, domin a wurare da yawa shi ne kaɗai haƙƙin da marar kowa yake da shi: in ya yi sammako, to ya riga mai kuɗi. Amma mutanenmu ba su bar shi da bushewarsa ba. Har gobe in tsoho ya iso da sanda, za ka ji wani daga gaba ya ce, "Baba, taho nan," sauran su matsa ba gardama. Mai juna biyu ma haka. Mun karɓi ƙa'idar, muka zuba mata kunya.

Mun kuma ƙirƙiro wani abu da nake alfahari da shi, wato kama layi. A bakin famfon burtsatse da rani, jarkoki ne suke yin layin, masu su na inuwa ko sun koma gida hura wuta. A wani wurin dutse ne, ko takalmi wari ɗaya, ko katin asibiti a kan tebur. Jarka ba ta magana, amma kowa ya san ta wace ce, kuma wanda ya ture ta ya san ya yi abin kunya. "Riƙe mini layi in je in yi salla" magana ce da ake faɗa wa wanda ba a taɓa gani ba, kuma ya riƙe. Amana ce ƙarama, amma a kanta gari yake tafiya.

Layina na farko na shiga shi a watan Satumban 1976, shekarar da gwamnatin Janar Obasanjo ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa. Mai unguwa ya bi gida-gida, aka tattaro mu, wasu iyayen na kuka kamar an kai 'ya'yansu yaƙi. Aka sa kowa ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunnensa na ɗaya gefen, wanda ya taɓo ya isa shiga aji. Washegari da safe malam ya fito da ƙararrawa ya ce mu yi layi, gajeru a gaba dogaye a baya, kowa ya miƙa hannu ya dafa kafaɗar na gabansa. A aji aka raba mana littafin rubutu mai shuɗin zane, aka ce kada harafi ya sauka daga kan layi. Mu da muka saba da allo, inda hannu da ido suke miƙar da rubutu ba tare da zane ba, sai muka ga takarda ta zo da hanyarta a shate. Na tuna na kai wa Babanmu littafin ya juya shi ya ce, "To, su nasu karatun har kunya aka ja masa." Ya fassara baƙon abu da abin da ya sani, kuma fassarar ta yi.

A watan Maris na 1984 layi ya zama doka. Gwamnatin Janar Buhari da Janar Idiagbon ta ƙaddamar da yaƙi da rashin ɗa'a, kuma matakinsa na farko shi ne koya wa jama'a bin layi. Lokacin ƙarancin kayan masarufi ne. Madara, sukari, shinkafa, sabulu, duk sai an yi layi, a tashar mota ma haka, soja na tsaye da dorina, wanda ya tsallake ya yi tsallen kwaɗo a bainar jama'a. Ina ɗan makarantar kwana a lokacin, in mun sauka a Kano hutu sai mu ga tasha ta yi tsit kamar ba ita ba. Mutanen zamanina har yanzu sun rabu biyu a kan wannan. Wasu na kewar tsarin, wasu ba su manta wulaƙancin ba. Ni abin da na riƙe shi ne, layin da dorina ta miƙar ya watse ranar da dorina ta tafi, amma layin jarkoki a bakin famfo, wanda ba soja ba ɗan sanda, yana nan inda yake.

Layin da Gaya ba za ta manta da shi ba kuwa shi ne na ranar 14 ga Disamba, 1991. A zaɓen gwamnoni na wannan rana hukumar zaɓe ta Farfesa Humphrey Nwosu ta yi amfani da tsarin da Bahaushe ya raɗa wa ƙato bayan ƙato. Ba ƙuri'a ba akwati. A kafa hoton ɗan takara, masu son sa su jeru a bayansa, a ƙirga kawuna da ƙarfi kowa na ji. Jam'iyyu biyu ne kacal, SDP mai doki da NRC mai mikiya. Kano gidan 'yan SDP ne a lokacin, amma rikicin cikin gida ya raba kansu, ga shi kuma ɗan takarar NRC, Kabiru Ibrahim Gaya, ɗan garinmu ne. Shi ya ci, aka rantsar da shi a Janairun 1992, ya riƙe jihar har sojoji suka rushe gwamnatocin farar hula a Nuwamban 1993. Zaɓena na farko ke nan, kuma ina iya tuna ƙurar filin da muryar mai ƙirga, jama'a na amsa masa lamba bayan lamba.

Abin yana da kyawunsa. Ba wanda zai ce an sauya alƙaluma a wurin, domin kowa ya ƙirga da idonsa. Amma na ga kuɗin da aka biya. Na ga wani dattijo, tsohon ɗan jam'iyyar NEPU da bai taɓa sauya sheƙa ba, ya tsaya a layin da bai fi mutum ashirin ba, maƙwabtansa da surukansa suna ɗaya layin suna kallonsa. Bai sunkuyar da kai ba. Na kuma ga waɗanda zuciyarsu na wancan layin ƙafarsu na wannan, saboda mai gonar da suke aro yana tsaye yana duba fuskoki. A ɓangaren mata abin ya fi tsanani, don mace ba ta da ikon tsayawa inda maigida bai ce ba, ga shi ba labule. Akwai gidajen da gaisuwa ta yi sanyi tsakaninsu har aka yi damina biyu. Tun daga ranar na san darajar ɗan labulen nan da ake shiga a dangwala, duk da abin da ake iya yi wa akwati bayan an bar wurin.

Ana cikin haka garin kansa ya soma sauya kama. Tsohuwar Gaya, garin da tarihin baka ya ce daga cikinsa maƙeran farko suka tashi suka je Dala neman tama, garin lunguna ne. Lungu yana lanƙwasa ne yadda zumunta ta lanƙwasa: ɗa ya yi aure a yanka masa gefe, katanga ta ɗan turo, hanya ta kauce mata. Ba ka kwatanta gida da lamba, sai ka ce bayan gidan liman, kusa da marina, daura da tsamiya. Sababbin unguwannin bayan gari kuwa layi-layi ne. Mai gona ya ga gari ya iso shi, ya kira masu awo su yanka masa fuloti-fuloti, a bar hanya a tsakani. Wanda ba hukuma ce ta shata ba ana kiransa awon igiya, don da igiya ake ja a kafa turaku. Duk sa'ad da na ga masu awon nan sun ja igiyarsu ta miƙe a kan tsohuwar gonar gero, sai in tuna maginin Rum da zarensa. Kalmar ta yi tafiyar shekara dubu biyu ta dawo hannun mai igiya.

A layi maƙwabcinka ba lalle ɗan'uwanka ba ne. Malamin makaranta daga Kademi, ɗan kasuwa daga Toranke, ma'aikacin lafiya da aka turo daga wata ƙaramar hukuma, kowa ya sayi nasa. Na yi zaton zumunci zai mutu a irin wannan zama, sai na ga ya sake fitowa da sabon suna. Yanzu akwai 'yan layinmu. Su ne suke haɗa kuɗin gyaran taransifoma da yashe kwata, su ne suke fara isowa in an yi rasuwa, yaransu su ne yaran layi masu ƙungiyar ƙwallo. A kasuwa ma haka, layin 'yan hatsi, layin 'yan yadi, layin mahauta. A tasha mota ba ta lodi sai layinta ya zo, direban da ya ɗebi fasinja a bakin hanya kuwa ya san zai haɗu da 'yan kamasho.

Sai ga shekarar 2001. A watan Agusta kamfanonin MTN da Econet suka fara aikin wayar salula a Nijeriya, kuma a farkon nan kuɗin layi ɗaya ya kai naira dubu ashirin, abin da ya fi albashin wata na ma'aikata da yawa. Kafin nan, in kana son aika saƙo Kano sai ka je tasha ka ba direba wasiƙa, in ɗanka na Ikko ko Makka sai a ɗauki murya a kaset a ba mai tafiya. Wayar tebur sai ofisoshi da gidajen da ba su fi a ƙirga ba. Da Glo ta shigo a 2003 da lissafin daƙiƙa-daƙiƙa, farashi ya fara sauka. Sabis ya iso mu a hankali. Na tuna lokacin da ake hawa tudu ko a tsaya a wata kusurwar fili da aka gano yana kamawa, da 'yan lema a bakin titi masu sayar da kira, da filashin da ya zama yare mai zaman kansa: ɗaya na nufin na iso lafiya, biyu na nufin kira ni.

Wannan shi ne layin da ya bambanta da duk na baya. Sauran duk da jiki ake shigarsu, ka tsaya rana ta dake ka, ka ga na gabanka ka ji numfashin na bayanka. Wannan ba a ganinsa. Ba igiya, ba zane, ba jeri, ɗan ƙarfe ne da bai kai farce ba, amma Bahaushe ya dube shi ya ce layi ne, don ya gaji sunan daga wayar tangaraho da ake ja bisa turaku. Kuma cikin shekara ashirin ya zama kamar sunan mutum na biyu. Matasanmu na Ajingi da Gaya da ke cirani a Abuja da Fatakwal da Ikko ta kansa suke turo kuɗin taki da na cefane. Wasu bankunan waya ma lambar layin ce lambar asusun, sifirin farko kawai ake cirewa. Tallafin gwamnati ta kansa, sakamakon jarrabawa ta kansa, sanarwar rasuwa ta kansa. In aka ce layin wane ba ya shiga kwana uku, uwarsa ba ta barci. Saboda haka ɓacin ran ɗan ƙanena ba shagwaɓa ba ce. Tun da hukuma ta ba da umarni a Disamban 2020 cewa a haɗa kowane layi da lambar shaidar ɗan ƙasa, wanda aka rufe wa nasa kamar an kulle masa shago ne da ɗaki a rana guda.

Harshen ma bai tsaya ba. Wanda ya fara magana ba kan gado an ce ya saki layi. Wanda ya shiryu bayan gagara ya hau layi. Wanda aka kai bango ya ce ya ja layi, ba shi ba wane. In aka tambaye ka abin da ba sana'arka ba, ka ce ba layinka ba ne. Na kan ji wasu abokan aikina suna ƙorafin cewa aro yana cinye Hausa, kuma ina tare da su a kan yaran da ke jefa Turanci ɗanye a tsakiyar zance alhali ga kalmar gida a kusa. Amma layi ba ya cikin wannan. Kalmar da ta yi jam'i da Hausa, ta yi karin magana da Hausa, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba take faɗinta a tsakar gida, ta gama biyan kuɗin zama. Ba ta kori sahu ba, ba ta kori kunya ba. Wurin da ba kowa ta zauna.

Abin da yake damuna ba kalmar ba ce, alƙawarin da ke cikinta ne. Duk wanda ya shiga layi ya yarda da magana ɗaya: in na yi haƙuri za a zo kaina. A farkon 2023, bayan an sauya takardun naira 200 da 500 da 1,000 kuɗi suka ɓace daga hannun jama'a, na ga mutanen ƙauyukanmu suna tafiya Wudil da Kano tun kafin asuba, a rubuta musu lamba a ɗan guntun takarda, su wuni a gaban na'urar cirar kuɗi, la'asar ta yi a ce kuɗi sun ƙare. A gidajen mai ma an sha yin haka, a layin taki ma haka. Abin da ke karya zuciya ba tsawon layin ba ne, Bahaushe ya iya jira. Ganin wani ya zo a makare an shigar da shi ta ƙofar baya, shi ne yake sa saurayi ya ce daga yau shi ma ba zai ƙara bi ba. Na ji wannan magana daga bakin ɗalibaina fiye da sau ɗaya, kuma ba ni da amsar da ta wuce in nuna musu jarkokin bakin famfo.

Ɗan ƙanena ya tafi ranar Litinin da sassafe. Ya tarar da mutum sittin da wani abu a gabansa, duk masu irin matsalarsa, ya shiga layi don a buɗe masa layi. Ranar ba a zo kansa ba. Talata ya koma tun duhu, wani mutumin Balare da suka saba ranar Litinin ya riƙe masa wuri ya je ya yi sallar asuba, shi ma ya riƙe wa mutumin. Da azahar aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, aka ce ya jira saƙo.

Ranar Alhamis da daddare ya shigo da fara'a. Inna na kan tabarma tana jan carbi. Ta bari ta kai ƙarshe, ta shafa, sannan ta ce, "An buɗe layin naka?" Ya ce, "An buɗe, Inna." Ta kwance bakin zaninta ta fito da 'yar ƙaramar wayarta mai tocila, wadda ba ta san lambarta ba, ta miƙa masa. Ta ce, "To duba mini nawa, ko shi ma sun rufe. Yau kwana huɗu ban ji muryar kawunka na Fatakwal ba."